Gidan Haya a Hannun Dattijo: Hakkin Mai Gida da Hakkin Ɗan Haya



Wannan jawabi ya shafi wani al'amari ne wanda da wuya a sami unguwar da bai taɓa ba a cikin biranen ƙasar nan, tun daga Ikko da Badun har zuwa Kano da Maiduguri, watau zaman haya tsakanin mai gida da wanda ya bai wa ɗaki, musamman idan shekaru sun ja wa ɗaya daga cikinsu, ko kuwa dukansu biyu. Sashe na 16 na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa matsuguni mai kyau da fansho da kula da tsofaffi a cikin abubuwan da ya kamata hukuma ta nema wa kowane ɗan ƙasa. Amma kowa ya sani yawancin dattawan ƙasar nan ba su taɓa yin aikin albashi ba, balle su sa ran fansho. Manomi da ɗan kasuwa da direba da maƙeri, da tsohuwar da ta yi shekara 40 tana tuyar ƙosai, fanshonsu shi ne 'yan ɗakunan da suka samu suka gina tun da sauran ƙarfi. A ɗaya gefen kuma ga dattijon da Allah bai nufe shi da mallakar ko da fuloti ba, ya tsufa a ɗakin haya, kullum gabansa na faɗuwa in ya ji an yi sallama a ƙofa. Kowane ɗayansu yana da hakkin da doka ta tsare masa, kuma rashin sanin wannan hakki shi ne ke jawo mafi yawan rigingimun da ke cika kotunan majistare.

Kafin a zuba kuɗin sallama a gini

Ma'aikacin gwamnati yakan bar aiki ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko kuwa shekara 35 yana aiki. Ranar da kuɗin sallama suka shiga hannunsa, masu ba da shawara ba su da iyaka, kuma shawarar da aka fi ba shi ita ce ya gina gidan haya, wai ƙasa ba ta ruɓewa. Gaskiya ne ƙasa ba ta ruɓewa, amma gini yana tsufa kamar mai shi, don haka ya kamata a yi lissafi tukuna. A ɗauka, alal misali, mutum ya kashe naira miliyan 20 wajen sayen fili da gini, gidan kuma yana kawo naira miliyan 1 da dubu 200 a shekara. Sai ya yi kusan shekara 17 kafin kuɗinsa su dawo, watau yana dab da shekara 77 ke nan, wannan ma idan ba a cire kuɗin gyaran kwano da yashe masai da fenti da haraji ba, kuma idan babu watan da ɗaki ya zauna babu kowa. Ko shakka babu darajar filin tana iya ninkuwa cikin waɗannan shekaru, amma wannan riba ce ta magada, ba ita za ta saya wa dattijo maganin hawan jini a ƙarshen wata ba. Sabili da haka ba dabara ba ce mutum ya juye dukan abin da ya mallaka a cikin bulo da siminti. Ya rage abin da zai riƙa taɓawa. Kuma ƙaramin gida da aka gama aka zuba mutane ya fi katafaren bene da ya tsaya a linta shekara da shekaru, awaki na kwana a ciki.

Abu na biyu shi ne takarda. Tun ranar 29 ga Maris 1978, lokacin da Gwamnatin Soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, dukan ƙasar kowace jiha ta koma hannun gwamnan jihar, yana riƙe da ita amana a madadin jama'a. Abin da mutum ke da shi shi ne iznin zama da amfani, kuma takardar shaidar da gwamna ke bayarwa galibi ta shekara 99 ce. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izni bisa al'ada, a Abuja kuwa al'amarin yana hannun Ministan Babban Birnin Tarayya. Wannan tsari ba baƙo ba ne a Arewa, domin Dokar Ƙasa ta 1962 ta Jihar Arewa ta riga ta tafi a kan irin wannan hanya. Abin lura a nan shi ne dokar ta hana a sayar da gida mai irin wannan izni, ko a jinginar da shi, sai da yardar gwamna. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina dungum saboda rashin wannan yarda, ko da yake mai gidan ya mallaki wurin tun kafin a kafa dokar. Wanda zai sayi gida da guminsa na shekara 35 ya fara zuwa ofishin rajistar filaye na jihar a duba masa ko sunan wa ke kan takarda, ko akwai bashin banki a kanta, ko hukuma ta keɓe wurin don hanya. Ba banza ba ake ganin an rubuta da jan fenti a bangon gidaje cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Har sai da Jihar Legas ta kafa doka ta musamman a 2016 don maganin masu ƙwace filaye da ƙarfi da masu sayar da abin da ba nasu ba.

Wakili da sa hannu

A nan ne ake yi wa dattawa ɓarna mafi yawa, kuma abin baƙin ciki, sau da yawa ba bare ke yin ta ba. Idan ido ya fara hazo, gwiwa ta ƙi hawa matakala, dole mai gida ya nemi wanda zai riƙa karɓar masa kuɗin haya. Wani ɗansa yake sa wa, wani ɗan ƙanensa, wani kuma dillalin unguwa. Da fari komai yakan tafi daidai. Sannu a hankali sai a fara ce masa ɗan haya bai biya ba, alhali ya biya. Ko a ce an gyara famfo, alhali ba a taɓa shi ba. Ko a ƙara wa masu haya kuɗi a ɓoye, a riƙa kawo masa tsohon farashi. Shi kuwa kunya ta hana shi tambaya, don kada a ce bai yarda da jininsa ba. Wannan kunya ba ta da amfani. Neman lissafi ba zargi ba ne, kuma wakilin kirki shi da kansa zai so a duba littafinsa, domin ranar da mai gida ya kwanta dama shi sauran magada za su tsare da tambaya.

Maganin abin ba shi da wuya. A buɗe asusu a banki da sunan mai gida shi kaɗai, a sanar da kowane ɗan haya a rubuce cewa can zai riƙa zuba kuɗi, ya kawo shaidar biya a ba shi rasit. A ajiye littafi guda wanda ke ɗauke da sunan kowa da lambar ɗakinsa da ranar da ya shiga da abin da yake biya. Sau ɗaya ko sau biyu a shekara mai gida ya sa a kai shi ya ga gidan da idonsa, ya gaisa da mutanen da ke ciki, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan gidajen suna da yawa, gara a ɗauki ƙwararren mai kula da gidaje wanda ke da rajista da hukumar da aka kafa a 1975 don masu kimanta gidaje da filaye, domin irin wannan yana da lasisin da yake tsoron rasawa, ba kamar dillalin bakin titi ba wanda ofishinsa ke cikin aljihunsa.

Sai maganar takardar wakilci, wadda lauyoyi ke rubutawa don ba wani ikon yin abu a madadin wani. Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ude da Nwara, a 1993, cewa wannan takarda ita kaɗai ba ta mayar da mallaka zuwa hannun wakili. Izni ne kurum. Amma fa iznin yana iya zama mai faɗi ƙwarai. Idan an rubuta a ciki cewa wakili yana da ikon sayarwa ko jinginarwa, to, yana iya sayar da gidan, cinikin kuma ya zauna. Don haka dattijon da abin da yake so kawai shi ne a karɓar masa haya, ya tabbata abin da aka rubuta ke nan, ba ƙari, kuma a bar masa ikon soke wakilcin duk ranar da ya ga dama. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan takardar da bai san abin da ke ciki ba, ko da wanda ya kawo ta ɗan cikinsa ne, ko da an ce masa ta asibiti ce ko ta fansho. Dokar kare wanda bai iya karatu ba ta wajabta wa duk wanda ya rubuta takarda a madadin irin wannan mutum ya sa sunansa da adireshinsa a jikinta, ya kuma shaida cewa an karanta masa an fassara masa da harshen da yake ji kafin ya dangwala. Mai karatun ajami ko Hausar boko wanda ba ya jin Turanci, shi ma ya nemi a fassara masa, kuma mai fassarar kada ya zama wanda zai amfana da takardar. Kotu tana da ikon rushe cinikin da aka ƙulla da mutumin da hankalinsa ya raunana, ko wanda aka matsa wa lamba, amma shari'a tana cin lokaci da kuɗi, dattijo kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikinsu da yawa.

Haka nan asalin takardun gida: kada a ba kowa aronsu don ya karɓi bashi. Gidaje da yawa sun salwanta ta wannan hanya, yaro ya ci bashi ya kasa biya, banki ya yi gwanjon gidan uba. Jinginar gargajiya kuwa, wadda ake yi tsakanin mutum da mutum, hukuncinta a kotuna sananne ne: komai daɗewarta ba ta zama ciniki, ranar da aka mayar da kuɗi gida ya koma ga mai shi. Duk da haka a rubuta ta a gaban shaidu, don shaidun baka suna mutuwa.

Tsohon ɗan haya

Akwai ɗan hayar da ya shiga ɗaki yana ango, yau ga shi da jikoki. Shi da mai gida sun zama kamar 'yan'uwa, sun yi suna da biki da zaman makoki tare. Irin wannan zama sananne ne a Sabon Badun da Agege da sauran unguwannin Hausawa na Kudu, inda tun zamanin fataucin shanu da goro mai gida ke saukar da baƙo, ya tsaya masa, ya zama kamar ubansa a garin. Zumunci ne mai kyau, amma ba ya sauya hukunci: daɗewa a gida ba ta mayar da ɗan haya mai gida, kuma ɗan hayar da ya musanta mallakar mai gidansa ya jefa zamansa cikin haɗari. Wanda zai ƙara ɗaki ko ya haƙa rijiya da kuɗinsa ya nemi izni a rubuce, a kuma faɗi yadda za a cire masa daga haya, in ba haka ba aikin ya zama na mai ƙasa.

Shi kuma mai gida ya sani ba shi da ikon fitar da kowa da hannunsa. Cire ƙofa, kwaye rufi, yanke wuta da ruwa, watsa kaya waje, ɗauko 'yan daba, duk waɗannan doka ta hana, ko da ɗan haya ya yi shekara bai biya ba. Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta yanka wa mai yin haka tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata 6. Gwamnati ma kanta ba ta tsira ba: a 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da Gwamnatin Soja ta Jihar Legas saboda ta tura masu ɗauke da makamai sun fitar da Cif Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali maganar tana gaban kotu. Idan gwamnan soja bai sami wannan dama ba, to, babu mai gidan da zai same ta. 'Yan sanda kuma ba aikinsu ba ne karɓar bashin haya.

Hanyar da doka ta shimfiɗa ita ce notis. Idan ba a rubuta wani wa'adi dabam a yarjejeniya ba, mai biyan wata-wata ana ba shi notis na wata 1, mai biyan wata uku-uku notis na wata 3, mai biyan shekara-shekara kuma notis na wata 6. Haka abin yake a dokar da ke aiki a Abuja da ta Legas ta 2011, sauran jihohi ma kowace da tata dokar, ya kamata a duba ta kafin a rubuta komai. Idan wa'adi ya cika bai tashi ba, sai a ba shi wani notis na kwana 7 mai sanar da shi cewa za a kai ƙara. Daga nan sai kotu, kuma ma'aikatan kotu ne kaɗai za su fitar da shi bayan hukunci. Ɗan haya kada ya ɗauka kwanakin da ya ƙara kyauta ne, domin kotu takan sa shi ya biya kuɗin duk zaman da ya yi bayan cikar wa'adi.

Ƙarin kuɗin haya shi ne ya fi raba tsofaffin aminai. Ba sabon abu ba ne. Bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, haya ta yi tashin gwauron zabo, har jihohi suka kafa kotunan ƙayyade haya, amma da yake ɗakuna sun yi wa masu nema kaɗan, mutane suka ci gaba da biya a bayan fage. An sake ganin irin wannan bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, lokacin da hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024. A irin wannan hali in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dattijuwar da haya ce abincinta ba za ta iya ci gaba da karɓar kuɗin shekara 10 da suka wuce ba, ga buhun siminti ya ninka; ɗan fanshon da kuɗinsa ba su motsa ba shi ma ba zai iya biyan ninki biyu dare ɗaya ba. Abin da ya fi dacewa shi ne ƙari kaɗan-kaɗan a kan lokaci, tare da sanarwa tun da wuri, maimakon a yi shiru shekaru don kunya sannan a zo da ƙarin da zai kori mutum. Mai gida ya tuna kuma cewa tsohon da ke biya a kan kari, ba ya fasa ƙofa, ba ya tara hayaniya, ya fi sabon da ba a san halinsa ba, ko da sabon ya fi tsoka. Dokar Legas ta 2011 ta ba ɗan haya damar kai ƙara idan ƙarin ya wuce hankali, ta kuma hana karɓar hayar fiye da shekara 1 gaba ɗaya, sai dai ta cire Ikoyi da Apapa da Victoria Island da unguwar Turawa ta Ikeja daga hukuncinta. Rasit kuwa ya ƙara daraja, domin sabuwar Dokar Haraji ta 2025 ta tanadi rangwame ga mai biyan haya, kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, iyakarsa naira 500,000, kuma ba a samunsa sai da shaida.

Idan mai gida ya rasu

Mutuwar mai gida ba ta kashe yarjejeniyar haya. Haka yake a dokar ƙasa, haka kuma yake a mazhabar Malikiyya wadda kotunan Shari'a na Arewa ke bi. Magada sun gaji gidan ne tare da mutanen da ke ciki, kuma wanda ya biya shekara yana nan har shekararsa ta cika. Wanda ya sayi gida da masu haya a ciki shi ma haka: dole ya bi hanyar notis. Wahalar ɗan haya a nan ita ce sanin wanda zai bai wa kuɗi, don yakan ga mutum uku kowa ya zo da rasit ɗinsa. Kada ya biya kowa sai wanda magada suka amince da shi a rubuce, ko wanda kotu ta naɗa mai kula da dukiyar mamaci. Kafin nan ya adana kuɗin, kada ya taɓa su.

Mai gida yana iya rage wa iyalinsa wannan wahala tun yana da rai. Ga Musulmi, wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji sai da yardar sauran magada. Wanda ke son ya ba wani gida kyauta ya yi tun yana da lafiya, ya kuma miƙa shi hannu da hannu, domin a Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya rasu ta ɓaci, wadda aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya gare ta. Matar mamaci tana da tumuni idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu, kuma wannan rabo ya haɗa da kuɗin hayar da ke shigowa kafin a raba gado. Idan wani magaji ya sayar da rabonsa na gidan da ba a raba ba, sauran suna da hakkin shufu'a, watau su biya kuɗin su karɓe. Ga wanda zai rubuta wasiyya bisa dokar boko, tilas ya sa hannu a gaban shaidu 2 a lokaci guda, kuma kada shaidan ya zama mai rabo a ciki. A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu, na Ukeje da na Anekwe, inda ta soke al'adun da ke hana 'ya mace gadon ubanta, da masu korar matar mamaci daga gidan mijinta don ba ta haifi namiji ba.

Wanda rigima ta riga ta same shi ba lalle ne ya fara da kotu ba. Mai unguwa da limami da shugaban coci da Sarkin Hausawa sun sha kashe irin wannan wuta, sai dai duk abin da aka sasanta a kai a rubuta shi, kowa ya sa hannu. Akwai zaurukan sulhu da ke ƙarƙashin manyan kotuna a Ikko da Abuja da Kano da wasu jihohi, inda ake daidaita mutane ba tare da doguwar shari'a ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa tun 1976. Haka kuma akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sa hannu a kan dokarta a 2018, ta fara aiki a 2021. Duk inda mutum zai je, ya tafi da yarjejeniyar haya, da rasit, da kwafin notis, da kwafin takardar gida, asalin kuwa ya bar shi a inda ya adana.